Daminar da Na Yi Lissafi a Kan Yashi

Akwai maganar da ke yawo a dangi, na kuma san ta iso kunnuwanku, ko da yake ba wanda ya taɓa tarar gabana da ita a cikinku. Cewa ake wai ubanku ya taɓa bugun ƙasa a ƙuruciyarshi, wai shi ya sa kakanku Malam Ilu ya bar limancin masallacin unguwarmu a Tafoki. Ranar bikin ɗiyar gwaggonku a Damari da kunnena na ji wata tsohuwa tana rattaba wa 'yar'uwarku Hadiza labarin, har da ƙarin gishiri, wai da Turanci nake kiran aljanuna. Na yi dariya a wurin, amma da na dawo gida abin ya tsaya mani a rai. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, ni ma gwiwoyina sun fara gardama. Saboda haka ga yadda aka yi.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka cika ƙasa. Ku ba ku ga zamanin ba, kuma in an ba ku labari sai ku ɗauka ƙari ake yi. Duk wanda ya riƙe takardar digiri, ofis ke nemanshi, ba shi ke neman ofis ba. Abokan da muka gama jami'a tare a Zariya, kafin ka ce me, wannan ya yi mota, wancan an ba shi gida da kuku a Kaduna, don a lokacin can ce hedikwatarmu, ba a yi jihar Katsina ba. Ni kuwa sai na tsaya a sashenmu na fiziks ina ɗan taya koyarwa. A sashen ma ba cikin masu ɗakin gwaje-gwaje nake ba, waɗanda aƙalla in baƙo ya zo za su nuna mashi na'ura mai ƙyalli ya jinjina kai. Ina cikin 'yan nazari ne, masu aiki da kai da alli. Waɗansunmu suna bin abin da ke cikin cibiyar ƙwayar zarra, waɗansu suna bin iskar da ta yi zafi irin na cikin rana, ni kuma aka haɗa ni da daskararrun abubuwa, musamman ƙarfe.

Bari in gaya maku aikin a taƙaice, don in ba ku gane shi ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Ƙarfe, in ka bi shi ciki-ciki, ƙananan ƙwayoyi ne a jere, sahu-sahu. Kowace ƙwaya ɗan maganaɗisu ce, ko dai ta kalli sama ko ta kalli ƙasa, kuma kowace tana son ta bi maƙwabciyarta. In da sanyi sai su haɗa kai su kalli wuri guda, ƙarfen ya riƙa jan allura. In zafi ya yi yawa sai kowace ta kama gabanta, jan ya ɓace. Tambayar ita ce yadda haɗin kan nan ke wargajewa, kuma a wane zafi. Amsar tana cikin ƙirga: hanyoyi nawa za a iya jera ƙwayoyin nan, kuma a kowane jeri maƙwabta nawa ne suka saɓa. Malamina, wani dattijo ɗan Indiya mai yawan shan shayi, ya yanko mani wani ɓangare na matsalar, ya ce in na warware shi kafin kaka zai rubuta wa wani abokinshi a Ingila a ba ni gurbin karatun digiri na uku. Da aka yi dogon hutu na damina na tattaro 'yan takarduna na taho gida, ina cewa a raina ai ƙauye ya fi shiru.

Takardun ba su daɗe ba suka ƙare. Irin wannan aiki cin takarda gare shi, don sai ka zana jeri, ka ƙirga, ka ga ba nan ba, ka sake wani. A Tafoki kuwa in kana son takarda mai yawa sai ka tashi takanas ka je Funtuwa. To, a ƙofar gidanmu, gindin darbejiya, akwai tulin yashi. Na ƙanen Baba ne, Alhaji Tanko, wanda da can hatsi yake saye a kasuwannin Ƙanƙara da Sabuwa, amma da zamani ya juya sai ya zama ɗan kwangila. Ya sa tifa ta zube yashin zai yi wa gidan gado zaure na siminti, sai simintin ya ƙi zuwa, wai yana cikin jirgi a bakin teku ana jiran layi. Yashin ya sha ruwan sama ya kwanta luf. Wata safiya na tsuguna na shafe gefenshi da tafin hannu, na fara. Ƙwayar da ta kalli sama in yi mata ɗigo ɗaya da yatsa, wadda ta kalli ƙasa in yi mata biyu. In jera su sahu-sahu, in ƙirga da baki a hankali, in shafe, in sake. Wallahi ban taɓa samun allon da ya yi mani daɗi kamarshi ba. Abin da ya fito mai amfani kaɗai nake kwashewa a takarda.

Abin da ban sani ba shi ne, haka mai bugun ƙasa yake yi, tiryan-tiryan. Ya shafe rairayi da tafi, ya ɗiɗɗiga da yatsa, ɗigo ɗaya ko biyu, yana motsa baki, sannan ya ɗago ya gaya maka wanda ya sace maka akuya. Kowane yaro a garin ya san wannan, ban da ni. Za ku ce ta yaya? To, a gidan Malam Ilu na tashi. Kakanku tun yana saurayi ya ɗaura yaƙi da duba. Bai taɓa bari mai duba ya taka zaurenmu ba, kuma kowane azumi sai ya maimaita wa jama'a cewa gaibu na Allah ne, wanda ya je wurin mai duba ya yi wasa da sallarshi. Malamai da yawa sun yi shanu da wannan sana'a, shi kuwa gonarshi ya riƙe. Daga gidan nan aka kai ni makarantar kwana, daga can sai jami'a. Ina zan ga bugun ƙasa?

Mutane suna wucewa gona suna rage tafiya in sun zo daidai ni, ni kuwa na ɗauka mamakin ɗan boko a tsugune suke yi. Rannan da hantsi sai wani Bafulatani, Malam Ja'e, wanda rugarsu ke yamma da gari, ya zo ya jingine sandarshi ya tsuguna nesa kaɗan. Muka gaisa, na koma kan aikina. Sai da na shafe yashin sannan ya matso.

"Malam, bijimaina biyu sun ɓata. Mun bi daji har mun gaji. A taimaka a duba mani."

Na ce, "In duba maka ina? Ni ko saniyar gidanmu ban san kamanninta ba."

Ya yi murmushi irin na wanda ya san manya ba su amsawa da farko. Ya ƙi tashi. Don in rabu da shi in koma ƙirgata, sai na gaya mashi abin da kowane mai hankali zai gaya mashi.

"In sata ce, ai ɓarawo ba kiwo zai yi ba, saidawa zai yi. Ka yi sammako ranar kasuwar Ƙanƙara ka tsaya a kara inda ake saida shanu, ka sa ido."

Ya tafi. Allah da ikonshi, ya iske bijimanshi a hannun dillali. Da ya tashi godiya kuma bai zo da safe ba lokacin da unguwa ba kowa. Sai bayan la'asar, jama'a na fitowa daga masallaci, ga Malam Ja'e a ƙofar gidan liman da ƙwaryar nono da jan zakara a hammata, yana ɗaga murya yana sa wa ɗan Malam albarka, wai ya buga ƙasa sau ɗaya ya ga shanu a Ƙanƙara. Na ga fuskar Baba a lokacin. Ya juya ya sa kai cikin gida.

Daga ranar na shiga uku. Mata suna aiko 'yan mata da kwanon fura a tambayi ko mijin wance zai dawo daga Ikko. Samari suna son su ji ko za a ɗauke su aikin hanya. Ina rantsuwa ina cewa lissafi ne, suna gyaɗa kai suna cewa, "Ai mun sani, Malam, lissafi ne," sannan su ajiye kwanon su matsa gefe su jira. Na ce bari in bar yashin, na hau motar Funtuwa na sayo takarda na shige ɗaki na rufe. Ashe na ƙara wa wutar itace, don sai aka ce ya shiga halwa, abin ya girma. Abin haushi abin dariya, har Baba Tanko mai yashin ya leƙo ɗakin, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Sada, tsakanina da kai. Simintin nan, yaushe za shi fito?"

Ni dai a lokacin fushi kawai nake yi da wautar mutane. Ban lura da abin da ke faruwa a masallaci ba sai da Inna ta nuna mani. Ta iske ni ina shan koko, ta tsaya a kaina riƙe da ludayi.

"Kai in ka shiga masallaci ba ka waigawa? Sahu nawa ka iske da ka zo garin nan, nawa ya rage yanzu? Ana can ana cewa Malam ya hana mutane abin da yake dafawa a cikin gidanshi. Kai kana nan kana ƙirga ɗigo!"

Gaskiyarta. Dattawa sun fara zagayawa suna tafiya masallacin bakin kasuwa, har da waɗanda Baba ya ɗaura wa aure ya kuma raɗa wa 'ya'yansu suna. Ku fahimta, limancin nan ba albashi gare shi ba. Amma shi ne Malam Ilu. Tun kafin a haife ni yake tsaye a gaban mutanen nan, kuma ba abin da ya mallaka a duniya da ya wuce cewa in ya faɗi magana an san haka take.

Washegari da hantsi ya kira ni zaure. Duk tsawon kwanakin nan bai tambaye ni komai ba, kuma shirun ya fi duka ciwo. Na iske ya sa an ɗebo yashi a faifai an ajiye gaban buzunshi.

"Yi mani abin da kake yi."

Na shafe, na jera ɗigona. Ya daɗe yana kallo. Shi ya san bugun ƙasa, don ya gan shi a yawon karatun da ya yi a gabas.

"Wallahi da ban san wanda ya haife ka ba, da na ce shi ne. To, sunan wa kake kira in za ka fara?"

"Ba kowa, Baba. Bisimilla kawai."

"In ka sake gobe, amsa guda za ta fito?"

"Guda, sai in na yi kuskure."

"In wani ya yi a Makka, ko Bature a garinsu?"

"Ita dai za su samu."

"Tana gaya maka abin da za shi samu mutum?"

"Ba mutum a ciki, Baba. Ƙarfe ne."

Ya sa na bayyana mashi ƙarfen. Na yi mashi bayanin ƙwayoyi da maƙwabtansu, ya tsayar da ni nan da can, har ya karɓi faifan ya jera ƙwaya uku da kanshi ya ƙirga hanyoyinsu, ya samu takwas, ya dube ni. Na ce haka ne. Na ga gefen bakinshi ya motsa.

"Wanga ai ɗan'uwan lissafin gado ne. Tashi ka tafi, na gamsu."

Na fito ina jin kamar an sauke mani buhu daga ka. Na ɗauka magana ta ƙare, tun da liman da kanshi ya bincika. Yarinta ke nan. Da ya gaya wa dattawa abin da ya gani, sai suka ce to me uba zai ce dama? Suka turo Alhaji Maikano, wanda ya fi su shekaru, abokin Baba ne kuma tun suna yara. Ina daga soro na biyu ina jin su. Alhaji Maikano bai zo da faɗa ba, da lallashi ya zo.

"Malam, ba mai son ya ga ka kunyata. Abu mai sauƙi ne. Yaro shi tashi bayan salla shi ce ya yi kuskure, ya tuba, ba shi ƙarawa. Kai kuma ka sa mashi albarka. Shi ke nan, kowa shi dawo sahunshi."

Baba ya ce zai yi tunani. A ranar kuma Baba Tanko ya kawo tashi mafitar. Ya ce ya yi magana da wani babba a ma'aikatar ayyuka a Kaduna, kujera na nan tana jirana, da mota da gida. In na bar garin cikin mota, in ji shi, kafin a girbe gero an manta da yashi, sai dai a riƙa cewa ɗan liman ya zama manya. Inna ta kama wannan da hannu biyu.

"Ka karɓa ka tafi, don girman Allah! 'Ya'yan mutane suna kawo wa iyayensu atamfa da rediyo, kai ka kawo mana abin faɗe. Wane irin karatu ne wanga da ba a ganin komai sai mutum tsugune kamar mai ciwon ciki?"

Ban ji haushinta ba. Ita ke zuwa gidan suna da gidan biki, ita ke jin yadda hira ke mutuwa in ta yi sallama.

Na zauna na auna, na ga tuban nan ya fi sauƙi. Kalma nawa ce? In faɗe ta, Baba ya riƙe masallacinshi, ni in koma Zariya in ƙarasa aikina a kan allo, ba wanda ya rasa komai. Na same shi a gona yana duba dawa, na gaya mashi na yarda zan tashi in tuba. Na ɗauka zai ji daɗi. Sai ya juyo ya dube ni kamar na zage shi.

"Ka tuba daga me?"

"Baba, don dai a zauna lafiya."

"Ka yi duba?"

"Ban yi ba."

"To, ka tashi cikin ɗakin Allah ka yi ƙarya, ni kuma in ɗaga hannu in shafa mata fatiha? Kuma ka yi tunanin abin da za su ɗauka su tafi da shi gida? In ka ce ka tuba, ka shaida duba ka yi. In duba ka yi, to duba ce ta gano shanun Ja'e. Gobe duk wanda akuyarshi ta ɓata za shi ce ai abin nan gaskiya ne, ɗan liman ma ya buga an gani, hana mu kawai ake yi. Abin da na kwashe rayuwata ina rushewa, kai ka gina shi da kalma guda, da bakinka, a masallacina."

Ni da ke taƙama da bin hujja har ƙarshenta, ban hango nan ba. Na kawo mashi maganar Kaduna. Ya kama ganyen dawa yana murzawa.

"Wannan taka ce. In aikin kake so, je ka, Allah shi yi albarka, ba haram ba ne. In don ni za ka, ba ni so. Ka je ka tambayi ranka, ka zo ka gaya mani gaskiya."

Na yi kwanaki ina juya abin. Na san in na ce ina son aikin ba zai bincika ba, kuma na san ƙurar za ta kwanta kamar yadda Baba Tanko ya faɗa, don mutanenmu suna saurin yafe wa mai mota. Amma gaskiya ya tambaye ni. Gaskiyar kuwa ita ce ko a salla ƙwayoyin nan suna bi na, na kusa ganin bakin zaren, kuma in na bar shi a nan zan mutu ina son in san amsar. Na je na gaya mashi haka, kaina a ƙasa, don na san abin da maganata za ta ci. Ya ce to, gobe in fito daga ɗakin nan in koma kan yashi, inda kowa zai gan ni.

Da safe na fito na iske ya riga ni. Ya shimfiɗa buzunshi a gindin darbejiya, dab da tulin yashin, da carbinshi a hannu. Haka muka riƙa yi kullum, ni ina ɗiga ɗigona, shi yana zaune. Duk wanda ya doso da kwano ko kaza, shi ke tarar shi.

"Lissafin ƙarfe yake yi, Hajiya. Bai san inda tunkiyarki take ba, ni ma ban sani ba. Koma da furarki, ki yi cigiya."

Masu neman duba suka ɗauke ƙafa, don ba mai iya tsayawa gaban idon Malam Ilu da irin wannan buƙata. Amma dattawa suka ɗauki zaman a matsayin amsar da ya ba su, kuma ba su yi kuskure ba. Aka ce yanzu abin ya fito fili, uba ke gadi ɗa na bugawa. Sahu ya ƙara raguwa har ya zama daga mu 'yan gida sai makaho Malam Audu da waɗansu almajiran Baba na da. Alhaji Maikano ya daina biyowa ta ƙofarmu. Wannan ya fi komai taɓa Baba, na sani, don lokacin da suka saba zama bayan la'asar sai in ga yana kallon hanya.

Wata ranar kasuwa, da mutane suka ɗan taru da azahar saboda baƙi, ya sallame salla ya juyo ya fuskanci jama'a. Bai ɗaga murya ba.

"Jama'a, na bincika abin da ɗana yake yi, ba duba ba ne, kuma ba zan ce shi ne ba. Duba haram ce jiya, haram ce yau, ƙarya ce kuma. Amma bai kamata mutum shi riƙa jan mutanen da zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba, kuma ba ni so a watse wa masallaci saboda ni. Daga la'asar Malam Haruna za shi ja mu. Wanda na saɓa mawa shi yafe mani."

Malam Haruna ɗalibinshi ne, a zaurenmu ya yi karatu. Ya fashe da kuka yana cewa ba zai iya ba, Baba ya ce zai iya. Da la'asar masallaci ya cika har waje, waɗanda suka ƙaurace duk suka dawo. Aka ta da iƙama, Baba ya shigo ya bi wurin da ya saba tsayawa da ido kawai, ya zo ya tsaya a sahu kusa da ni, kafaɗarshi na gogar tawa. Tun da nake ban taɓa salla a gefenshi ba, bayanshi na sani. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Kuka nake yi, ina ƙoƙarin kada ya ji.

Abin da ya biyo baya ba wani abin mamaki ba ne. Goron ɗaurin aure da naman suna suka koma gidan Malam Haruna, haka damman hatsin da ake kawo wa liman da kaka. Baba ya koma gona gaba ɗaya, da shekarunshi. Inna ta daina yi mani magana. Za ta ajiye mani tuwo ta juya, in na gaishe ta ta amsa wa bango. Sai da aka fara yankan gero sannan ta sauko, shi ma da faɗa ta fara, wai na rame kamar ba a ba ni abinci. Baba Tanko kuwa ya ce ni da yayanshi duk kanmu ɗaya, ba mu san zamani ba. Daga baya na ji dattawa sun je sun roƙi Baba ya koma, ya ce Malam Haruna bai yi laifin da za a cire shi ba. Bai sake jan salla a masallacin ba.

Lissafin ya fito ana gab da komawa makaranta. Na kai wa malamina, ya bi shi layi-layi, ya gyara wuri guda, ya ce ya yi. Kada ku ɗauka wani abu ne da ya girgiza duniya. Babbar tambayar tana nan har yau ba wanda ya warware ta. Abin da na samo hanya ce ta ƙirga jeri a wani siririn yanki na matsalar, aka buga shi a 'yan shafuka, kuma masu karanta irin wannan a duniya ba su cika zaure ba. Amma ya isa aka ba ni gurbin.

Da tafiya ta matso na zo sallama. Na iske Baba a gona ana ɗaurin dawa, rawaninshi a rataye a reshen ƙirya, kanshi duk ƙaiƙayi. Ban san ita ce ganawarmu ta ƙarshe ba, don ina shekara ta biyu a Ingila aka aiko mani ya rasu. Ya sa mani albarka, ya yi mani nasihar salla da abinci. Har na juya sai ya kira ni.

"Sada, ƙirgar nan taka, ta fito?"

"Ta fito, Baba."

"Abin da ka samo, gaskiya ne?"

Na tsaya ina kallon hannuwanshi, duk kaifin kara ya tsattsage su. Na so in ce mashi babban abu ne, wanda za a daɗe ana faɗi. Amma ba mutumin da ake yi wa haka ba ne.

"Gaskiya ne, Baba. Sai dai ƙarami ne ƙwarai."

"To, madalla. Ai ni ban tambayi girmanshi ba ranar da na sauka."

Ya duƙa ya ci gaba da ɗaure daminshi, ni kuma na kama hanyar tasha.